Yadda Na Gyara wa Alhaji Baya

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta, da ranar da na hau kan akwatin lemo a wajen wani biki a La Courneuve, can gefen Paris, na ɗora hannuwana biyu a bayan dattijon da nake neman auren ɗiyar ƙaninsa. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a cikin jirgin ƙasa na metro nake sai na runtse ido na ce "wayyo" a fili, mutanen da ke kusa da ni su ɗan matsa.

Bari in fara da aikina, don daga nan matsalar ta taso. A lokacin ina karatun digiri na uku a Lyon, fannin kiwon dabbobi, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Saint-Fons, inda haya take da sauƙi saboda hayaƙin masana'antu ne maƙwabcinka na kusa. Bincikena a kan ɗingishi da ciwon baya ne wajen shanun madara. Shanun nan ba irin namu na gida ba ne da ke yawo a daji suna miƙe jiki. Ƙattai ne, hantsa kamar tulu, kuma yawancin rayuwarsu a kan siminti mai santsi suke yin ta. Wata ta zame ƙafafunta su buɗe, wata ta sha wuya wajen haihuwa, wata kuma ƴar'uwarta ce za ta hau bayanta ta danne ta. Sai ka ga saniya ta yi doro, tana jan ƙafa, kai na sama yana ƙasa. Wadda tafiya take yi wa wuya ba ta zuwa wajen ci sosai, wadda ba ta ci ba ta ba da madara, wadda kuma ba ta ba da madara, mai gona ba ya daɗewa bai kira mahauta ba.

Yawanci kofato ne ke jawo ɗingishin, kuma akwai masu gyaransa. Amma in an duba kofato an ga lafiya lau, saniya kuwa tana nan tana jan ƙafa, sai a kira Madam Selin. Likitar dabbobi ce, wadda bayan karatunta ta ƙara koyon abin da suke kira chiropraxie, wato gyaran gaɓoɓin ƙashin baya da hannu, ba allura ba ƙwaya. Gajeriyar mace ce, sai ta taka wani akwati kafin ta kai bayan saniya. Za ta bi ƙashin bayan da yatsu, gaɓa bayan gaɓa, har ta sami wadda ba ta motsi yadda ya kamata, ta ɗora tafin hannu, ta danna da sauri sau ɗaya. In an dace, sai ka ji saniyar ta yi dogon numfashi, ta sauke kai, ta kama tuƙa. Wasu likitocin suna cewa abin yana aiki, wasu suna taɓe baki. Gano mai gaskiya a cikinsu shi ne bincikena.

Wannan a takarda ke nan. A gona kuwa, can cikin tsaunukan da ke yamma da Lyon, aikina shi ne in ɗauki hoton bidiyon saniya tana tafiya kafin a taɓa ta da bayan an taɓa ta, in ɗauko wa Madam akwatinta, in riƙe wutsiya kada ta maki Madam a fuska (wutsiyar saniyar da ke kwana a garke, ba sai na yi muku bayani ba), in an gama in buɗe ƙarfen da ke riƙe wuyanta ta wuce. Ko bayan ɗan maraƙi ban taɓa dannawa ba. Madam ta hana, ta ce sai wanda ya yi karatun abin. Amma na kalle ta tana yi har na gaji, kuma a ɗakina na Saint-Fons na sha gyara wa matashin kaina baya. Bai taɓa ƙorafi ba.

Sau ɗaya na taɓa yi wa wani na gida cikakken bayanin aikin nan. Kawuna ne, a waya, daga Damagaram. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Tsaya in gane. Wato jirgi ka hau, ka tsallake teku, don ka riƙe wa saniya wutsiya ana yi mata tausa?" Na ji yana kiran mutanen da ke zaune a ƙofar shagonsa su zo su ji. Tun daga ranar, duk Bahaushen da ya tambaye ni me nake karantawa, sai in gyara murya in ce, "Bincike nake yi a kan ciwon baya da ɗingishi." In yi shiru. Sauran su ƙarasa da kansu.

Ban da kawuna, mutum ɗaya ce ta san komai, Ramatu. A Paris take karatun lissafin kuɗi, a taron ɗaliban Nijar muka haɗu. Ranar da na faɗa mata gaskiya ba ta yi dariya ba, cewa ta yi in nuna mata bidiyon. Daga nan na san na sami mata. Mahaifinta yana Maraɗi, amma yayansa, Alhaji Mamman, a Paris yake tun da daɗewa, yana aiki da wata hukuma ta ƙasa da ƙasa. Shi ne babba a gidansu, shi ke riƙe da Ramatu a nan, kuma a maganar aurenta abin da ya ce shi za a yi. Da ɗan Alhajin ya tashi aure, Ramatu ta ce dama ta samu, in zo bikin in gaishe shi.

"Amma ka faɗa masa gaskiya," ta ce mini a waya. "Har da shanun."

"Ai ba ƙarya nake yi ba."

"Na sani. Maganar ce kake yankewa kafin ta kai ƙarshe."

Na ce ta kwantar da hankalinta, zan ga yadda yanayi yake.

Ranar Asabar da safe na yi wanka har fata ta fara zafi (warin garke ba ya sakin mutum da sauƙi), na sa shaddata shuɗiya, na zuba turaren da ya isa mutum uku, na hau TGV, jirgin ƙasan nan mai gudu, zuwa Paris. Wani babban zaure aka kama haya a La Courneuve. Shinkafa, dambu, kilishin da wani ya zo da shi daga Yamai, mata sun sha kwalliya, dattawa na Hausa, matasa na Faransanci, yara na gudu a ƙarƙashin tebura.

Ramatu ta nuna mini shi daga nesa da ido. Dogon mutum, farin gemu a gyare, gilashi, farar babbar riga mai aiki. Irin dattijon da in ya shigo wuri sai ka ji ka gyara zama ba tare da an ce maka ba. Na je na durƙusa, muka yi gaisuwa doguwa: hanya, gajiya, mutanen Lyon, mutanen Damagaram, sanyi, karatu. A hankali yake magana, kamar kowace kalma sai ya duba ta kafin ya sake ta.

"Ramatu ta yi mini maganarka," ya ce. "Mi kake karantawa?"

Ga dama ta zo. Dattawa huɗu ko biyar na zaune kusa da shi, duk sun zubo mini ido. Na gyara murya.

"Bincike nake yi a kan ciwon baya da ɗingishi, Alhaji."

"Madalla," ya ce. "Abu mai amfani."

Na tashi ina jin kaina kamar an sa mini rawani.

Da la'asar ta yi, maza muka shiga wani ƙaramin ɗaki da ke gefen zauren, inda aka shimfiɗa tabarmi. Aka yi salla, aka yi addu'a. Alhaji ya dafa ƙasa zai tashi, sai muka ji ya ce, "Wash!" Ya tsaya a nan, bai zauna ba bai miƙe ba. Mutum biyu suka kama shi suka ɗaga, amma bayan ya ƙi miƙewa. Ya tsaya a sunkuye, ya karkace gefe guda, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ango ya shigo a guje, ya ciro waya zai kira motar asibiti.

"Mayar da wayar nan," in ji Alhaji. "Ba za a fitar da ni daga bikin ɗana a kan gadon majiyyata ba. Ga surukai na jira in yi musu jawabi." Ya yi numfashi, ya ɗago ido da ƙyar. "Ina yaron nan na Lyon?"

Yaron nan na Lyon a lokacin yana bakin ƙofa yana neman takalminsa. Wallahi na yi niyyar in sulale. Amma wani dattijo ya riga ya kamo hannuna yana cewa, "Likita, ga aiki ya same ka har gida. A ba Likita hanya!"

Likita. Ban taɓa sanin kalma na da zaƙi haka ba. Abin da ya kamata in ce a fili yake: Alhaji, ka gafarce ni, shanu nake karanta, a kira asibiti. Ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma sai na ji wata murya a cikin kaina tana cewa, ƙashin baya ai ƙashin baya ne. In ka tashi dattijon nan a gaban jama'a, an gama maganar aure. Na naɗe hannun riga.

"Alhaji, ka ɗan taka zuwa bango ka dawo, in gani."

Ya taka da ƙyar. Ni kuwa na tsuguna a bayansa, na karkatar da kai ina kallon tafiyar, kamar yadda nake yi kullum a gona. A zuciyata har na ba shi maki: uku cikin biyar, ƙafar baya ta hagu. (Sai daga baya na tuna Alhaji ba shi da ƙafar gaba.)

"Ka zame a kan siminti kwanan nan?"

"A'a."

"Cin abinci fa, bai ragu ba?"

"Alhamdu lillahi."

Tambayoyi biyu da ke biye a jerin da na haddace, ɗaya ta haihuwa ce, ɗaya ta madara. Allah ya taimake ni na cije harshe. Dattawa suka gyaɗa kai, na ji wani yana cewa, "Ka ji tambayoyin masu ilimi."

Daga nan na gamu da matsalar farko. Duk ƙashin bayan da na sani a duniya a kwance yake, kamar igiyar shanya. Na Alhaji kuwa a tsaye Allah ya yi shi, ban san ta inda ake fara masa ba. Don haka na ce a kawo tebur. Aka taimaka masa ya cire babbar riga, ya rage daga shi sai ƴar ciki da wando, na ce ya sunkuya ya dafa teburin da hannu biyu. Na ce ango ya tsaya ta gaba ya riƙe masa kafaɗu kada ya motsa. Sannan na ce a samo mini abin takawa. Aka kawo akwatin lemo na roba, aka kife, na hau.

Ku lura, babu abin da ya sa in hau akwatin nan. Alhaji a sunkuye bai wuce ƙuguna ba. Ni dai ban taɓa ganin an yi aikin daga ƙasa ba ne kawai.

Na ɗora yatsu na fara bin gaɓoɓin daga inda haƙarƙari ya ƙare zuwa ƙugu. A jikin saniya, shida ne a wurin. Na ƙirga na Alhaji, biyar. Na sake ƙirgawa, biyar. Gumi ya karyo mini.

"Wani abu ne, Likita?" in ji ango.

"A'a... ɗaya ce ban gani ba."

"Ɗaya mi?" in ji Alhaji daga ƙasa.

"Ba komai, Alhaji. Za ta fito."

Ina cikin haka sai na lura hannuna na hagu ya bar bayan, ya yi ƙasa yana lalube a iska. Wutsiya yake nema. Na dawo da shi da sauri, na yi kamar ina gyara wa Alhaji riga.

Zuwa lokacin labari ya bazu a zauren cewa uban ango ba lafiya, an kashe kiɗa, mata sun taru a bakin ƙofar ɗakin suna leƙe. Na hango Hajiya Zali, matar Alhaji, a gaba. A bayanta na hango Ramatu, idanu a waje, tana girgiza mini kai. Na yi kamar ban gan ta ba. Na zaɓi wata gaɓa (ba don komai ba sai don ita yatsana ya tsaya a kai), na ɗora tafin hannu, na yi bisimilla. Abu ɗaya da nake gode wa Allah a kai har gobe shi ne tsoro ya kama hannuna a daidai lokacin. Dannawar da na yi ko ƙwai ba za ta fasa ba.

Amma sai aka ji ƙwas!

"Allahu akbar! Ya koma!" in ji dattijon da ya kira ni Likita. Ɗaki ya ɗauki kabbara. Ni kaɗai na san akwatin lemon ne ya tsage a ƙarƙashin ƙafata.

Alhaji ya yi dogon numfashi. Ya sauke kai. Ya ce, "Kai... kamar da ɗan sauƙi."

A nan sai in gaya muku wani abu da ban faɗa ba. A gona, in saniya ta yi dogon numfashi ta sauke kai, an gama ke nan, saura nawa aikin: in sallame ta. Kuma akwai yadda ake sallamar saniya, yadda Madam ke yi, yadda masu gonar ke yi, yadda na yi wa shanun da ban san adadinsu ba har ya zama ba na ma sanin na yi. Ga daɗi ya cika ni na tsira, ga kabbara na tashi, ga alamar da jikina ya saba gani. Na sauko daga akwati, hannuna na dama ya ɗaga da kansa, ya sauka a mazaunan Alhaji Mamman, fas! Bakina kuma ya ce da ƙarfi, cikin fara'a:

"Allez, ma belle! C'est fini!"

Wato, je ki, kyakkyawata, an gama.

Babu wanda ya buƙaci fassara a ɗakin nan. Kowa na jin Faransanci, har yaran da ke leƙe ta ƙarƙashin hannun iyayensu. Kabbarar ta yanke a tsakiya. Wani yana riƙe da babbar rigar Alhaji, ya sake ta ta faɗi ƙasa. Alhaji kuwa ya miƙe tsaye cak, miƙewar da ɗazu mutum biyu suka kasa sa shi ya yi. Ya juyo a hankali, ya gyara gilashi, ya dube ni.

"Mi ka ce?"

Mai hankali shiru zai yi, ko ya faɗi ya suma. Ni bayani na kama.

"Ka yi haƙuri, Alhaji, wallahi sabo ne. Haka muke yi musu in an gama."

"Su wa?"

"Su... waɗanda muke dubawa."

"Matan mutane kuke yi wa haka a asibitinku?"

"A'a! Subhanallahi! Ba mata ba ne, Alhaji. To, mata ne, amma... shanu ne."

"Shanu."

"Na madara."

Ban san dalilin da ya sa na ƙara wannan ba. Wataƙila na zaci zai rage zafin abin.

Alhaji ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ce, a hankali kamar kullum, "Kafin ni, mutum nawa ka taɓa dubawa?"

"Kai ne na farko, Alhaji."

"Shanu fa?"

"Su ma... kallo nake yi. Ni wutsiya nake riƙewa."

"Madalla," in ji Alhaji.

Hajiya Zali ce ta fara. Ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa, ta yi ƙoƙari iya ƙoƙari, sannan abin ya ƙwace mata. Ta dafa bango tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Ma belle! Wayyo cikina! Shekara nawa muna tare, ni ban taɓa ce masa haka ba!" Daga nan mata suka ɗauka, dattawa suka sunkuyar da kai gemu na rawa. Mutum uku ne ba su yi dariya ba: Alhaji, da ango wanda ke kallona kamar zai cinye ni ɗanye, da Ramatu, wadda ta juya ta bar wurin.

Aka sa wa Alhaji rigarsa. Bai kai ƙofa ba bayan ya sake riƙewa, aka kawo kujera. A zaune ya yi wa surukai jawabi. Ni ban ji jawabin ba, na riga na sami takalmina. Ko dambun ban ɗanɗana ba.

Ina cikin jirgin komawa Lyon Ramatu ta kira. Ba gaisuwa.

"Mun kai Baba asibiti."

A nan ne, karo na farko a ranar, na daina tunanin kunyata na tuna cewa bayan mutum na taɓa, dattijo, ba tare da na san komai ba. Da tsoro bai riƙe hannuna ba fa? Da na danna yadda Madam ke danna wa saniya?

"Me suka ce?"

"Naman bayan ne ya ɗaure, ba abin da ya karye. Sun ba shi magani, za a tura shi wajen masu gashin ƙashi. Likitan ya tambaye shi ko wani ya taɓa wurin, ya ce e, wani likitan dabbobi. Ka ga har girma ya ƙara maka." Sai muryarta ta canza. "Da ka nakasa shi fa? Saboda kana jin kunyar saniya?"

Ta kashe wayar, kuma ta daɗe ba ta ɗauki kirana ba.

Ranar Litinin na faɗa wa Madam Selin, don na san ko ban faɗa ba fuskata za ta faɗa. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta ce ita da ta yi shekaru tana koyon abin ba ta taɓa bayan ɗan Adam, doka ma ba ta ba ta dama ba, balle ni. Ta ce in na sake, in nemi wani wurin bincike. Na ce ba zan sake ba. Ta hau akwatinta, ta ɗora hannu a bayan wata jar saniya, sannan ta ce, "To yaya aka ƙare?" Na gaya mata yadda na sallame shi. Dariya ta kama ta, sai da ta sauko ta zauna a kan damin ciyawa. Mai gonar ya fito a guje, ya zaci saniya ce ta harbe ta.

Bayan ƴan makonni na tattara ɗan abin da ya rage mini na ƙarfin hali, na koma Paris, na je gidan Alhaji ban haƙuri. Hajiya ce ta buɗe ƙofa. Tana ganina ta juya da sauri ta shige kicin, ina jin ta tana tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Na sami Alhaji a falo, ya ji sauƙi sosai, an sa masa matashi a baya. Na durƙusa na faɗi duk abin da na shirya a jirgi. Ya bar ni na gama.

"Zauna," ya ce. "Yanzu ka faɗa mini aikin naka, tun daga farko. Kada ka rage komai."

Na faɗa masa, har da wutsiya. Ya tambaye ni yadda ake gane ciwon kofato da na baya, da ko abin zai yi wa shanunmu na gida amfani, da ko ni na yarda yana aiki. Na ce ban sani ba tukuna, shi ya sa nake binciken. Ya ce wannan ce magana ta farko mai ma'ana da ya ji daga bakina. Sannan ya ba ni labarin wata saniyar mahaifiyarsu, suna yara a ƙauye, wadda ta haihu ta kasa tashi, aka yi ta ɗaga ta da itace har aka gaji aka yanka. Ya ce nononta suka sha suka girma, kuma ranar ce ya fara ganin mahaifiyarsa na kuka. Muka daɗe muna hira, har Hajiya ta kawo shayi, ta ajiye ba ta dube ni ba, ta koma da gudu.

Da zan tafi ya tashi zai raka ni ƙofa. Na tsaya gefe cikin ladabi don ya wuce gaba, kamar yadda ake yi wa babba. Shi ma ya tsaya.

"Wuce," ya ce.

"A'a, Alhaji, kai ne gaba."

"Yaro, wuce gaba. Ni da in sake ba ka baya, har abada."

Ramatu ta gaya mini daga baya cewa a ranar ya kira mahaifinta a Maraɗi, ya ce masa ya ga yaron, yana da asali, yana da sana'a, ba shi da wayo sosai amma za a iya gyara shi. Da wannan shaidar aka ba ni mata, kuma ban taɓa neman a sake duba ta ba.

Abin da na koya? In an tambaye ni aikina yanzu, da saniyar nake farawa, kowa ya yi dariyarsa ya gama tun muna tsaye. In kuma wani ya ce "wash" a kusa da ni, ko a masallaci ko a wajen biki, sai in zura hannuwana biyu cikin aljihu, in tambaya ko akwai likita a wurin.